Binciken Wayar Ɗanka Ba Zai Gaya Maka Abin Da Ke Damunsa Ba

Duk wanda ya raini yaro har ya kai shekara 13 ko 14 ya san wannan sauyin. Yaron da a da sai ka roƙe shi ya yi shiru don kunnenka ya huta, mai ba ka labarin duk abin da ya faru a aji har da wanda ya ɓatar da fensirinsa, yanzu ya koma amsa da kalma ɗaya. Yaya makaranta? Lafiya. Ina ka tsaya? Ba ko'ina. Me ke damunki? Ba komai. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ido a kan waya. Hankalin iyaye ya tashi, kuma da gaskiyarsu, domin shekarun nan ne ake fara sigari da ƙwayoyi, ake haɗuwa da miyagun abokai, ake faɗawa tarkon mutanen da ke farautar yara a intanet. To me za a yi? Da yawa sai su zama 'yan sandan ciki a gidansu. A jira yaro ya shiga wanka a ɗauki wayarsa, a binciki jakarsa, a sa ƙanensa ya riƙa kawo rahoto, ko a saka wa wayar manhajar da ke nuna inda yake da abin da yake rubutawa.

Ra'ayina shi ne wannan hanya tana ba iyaye kwanciyar hankali na ɗan lokaci, amma tana lalata abu ɗaya da ya fi komai tsare lafiyar matashi, wato ya iya zuwa da ƙafarsa ya gaya maka abin da ya same shi. Ba ina cewa a sakar wa yaro ragama ba ne, zan zo kan wannan. Amma idan aka ce in zaɓi tsakanin uban da ya san lambar sirrin wayar 'yarsa da uban da 'yarsa take kawo masa maganar da ta fi ƙarfinta, na biyun zan ce ya fi sanin halin da gidansa yake ciki.

Akwai binciken da ya sa na tsaya a kan wannan ra'ayi. Shekaru da dama masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa iyayen da suka san inda 'ya'yansu suke, da waɗanda suke tare da su, da abin da suke yi, 'ya'yan nasu sun fi nisantar shaye-shaye da sata da faɗa. Sai kowa ya ɗauka cewa sirrin yana ga sa ido, aka yi ta wa'azin a ƙara sa ido. A shekarar 2000 wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Hakan Stattin da Margaret Kerr, suka yi wata tambaya mai sauƙi da ba a damu da yin ta ba: iyayen nan da suka sani, ta ina suka sani? Suka tambayi ɗaruruwan yara 'yan shekara 14 da iyayensu, suka raba hanyoyin sanin gida uku. Akwai iyayen da ke yi wa yaro tambayoyi, akwai masu kafa dokoki kamar neman izini kafin fita, akwai kuma abin da yaro ya faɗa don kansa ba tare da an tambaye shi ba. Hanya ta uku ce ta yi wa sauran nisa. Yawancin abin da iyaye suka sani game da rayuwar ɗansu a waje daga bakinsa ya fito, kuma yaran da ke faɗa don kansu su ne suka fi ƙarancin aikata laifi. Masanan sun kuma gano cewa yaran da ke jin an matse su, an hana su sakat, sun fi nuna alamun damuwa da raina kai.

Mai hankali zai ce ai yaron kirki ba shi da abin ɓoyewa, shi ya sa yake magana, ba maganar ce ta sa ya zama na kirki ba. Akwai gaskiya a nan, ban musa ba. Amma duk yadda aka juya shi, abu ɗaya bai canza ba: matashi yana yin mafi yawan yininsa inda idonka ba ya kai, kuma ya fi ka iya waya. Idan ya so ya ɓoye maka abu, zai ɓoye. Zai goge saƙo, zai buɗe shafi na biyu da ba ka san da shi ba, zai ari wayar abokinsa. Abin da bincike a ɓoye yake koya masa shi ne ƙwarewa a ɓoyo.

Abin da ya kamata iyaye su tambayi kansu shi ne, me ya sa ya daina faɗa? Wani ɓangare na shirun nan lafiya ne. Mutumin da ke shirin zama babba dole ya samu abin da yake nasa shi kaɗai, kuma ba kowace hira da ƙawa ce ta shafi uwa ba. Amma akwai shirun da mu ne muka gina shi. Yaro yana da lissafi. Ya taɓa faɗin gaskiya sau ɗaya, ya ce abokansa sun ba shi sigari ya zuƙa, sai aka yi masa duka, aka tara 'yan'uwa aka ba su labari, aka yi wata uku ana goranta masa. Ya koyi darasi, amma ba wanda aka nufa ba. Ya koyi cewa gaskiya a gidan nan tana da tsada.

Ku ɗauki yarinya 'yar shekara 15 da wani ya yaudare ta a intanet, ya karɓi hotonta, ya koma yana yi mata barazanar zai yaɗa idan ba ta turo wani ba ko ta biya shi kuɗi. Wannan ba abin da ke faruwa jefi-jefi ba ne, kuma samari ma suna faɗawa ciki sosai. Duk ƙarfin mai wannan ta'asa ya dogara ne a kan abu guda: yarinyar ta fi tsoron iyayenta a kan yadda take tsoronsa. Ta san idan ta faɗa za a ƙwace wayar, a kira ta 'yar iska, wataƙila a cire ta daga makaranta. Sai ta yi shiru ta ci gaba da yi masa biyayya, abin ya yi ta girma. A gidan da ta tabbata cewa za a yi fushi, amma za a fara tsayawa a bayanta kafin a yi fushin, barazanar nan tana mutuwa a daren farko. Ba manhajar leƙen asiri da ke iya yin wannan aikin.

Yanzu ga masu cewa wannan magana ce ta sangarta yara. Ana cewa ƙuruciya dangin hauka, kuma kimiyya ba ta ƙaryata ba. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna sakamakon abu da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali sashen da ke neman daɗi da yabon tsara ya riga ya farka tun farkon balaga. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg a Amurka sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda direba zai zaɓi ya tsaya da ganin fitila mai ruwan ɗorawa ko ya yi ganganci ya ci gaba don samun ƙarin maki. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuma tsaransu biyu na kallo. Manya ba su canza tuƙinsu sosai ba ko ana kallonsu ko ba a kallo. Yara 'yan shekara 13 zuwa 16 kuwa, da zarar abokai na wurin, gangancinsu ya kusan ninkawa. Ma'ana ɗanka ya san haɗari, ba jahilci ke damunsa ba. Idan ka zaunar da shi zai lissafa maka illolin ƙwaya fiye da yadda kai za ka lissafa. Sanin ne ke guduwa idan yana tsakiyar abokai da ƙarfe 11 na dare. Shi ya sa doguwar nasiha ba ta cika yin tasiri ba, kuma shi ya sa doka take da amfani, doka a kan lokaci da wuri: ƙarfe nawa ake dawowa gida, gidan wa ake kwana, motar wa ko babur ɗin wa ake hawa. Kada a manta haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ƙasar Aisilan ta gwada haɗa biyun, wato doka da kusantar iyaye da 'ya'yansu. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na yaranta 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a cikin wata ɗaya da ya wuce, kashi 23 kuma suna shan sigari kullum. Zuwa 2016 masu buguwa sun koma kashi 5, masu sigari kashi 3. Sun yi dokar da ta hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawo a waje bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, sun zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran ayyukan da ke cike wa yaro yammacinsa, sannan suka matsa wa iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu, su san abokansu da iyayen abokan. Yawan matasan da suka ce suna yawan zama da iyayensu a ranakun aiki ya ninka tsakanin 1997 da 2012. Aisilan ƙaramar ƙasa ce mai arziki, ba kowa zai iya kwaikwayon komai nata ba. Abin da na ɗauka daga gare ta shi ne dokar a fili take, yaro ya san ta, ya san dalilinta, kuma duk tsaransa suna ƙarƙashinta. Wannan daban yake da uban da ke murmushi da rana ya kuma laluba waya da dare.

Ko a kan wayar ma ina goyon bayan doka, in dai a fili take. Ɗan shekara 12 da aka ba waya ana iya ce masa tun ranar farko, “Zan riƙa dubawa, kuma a gabanka zan duba.” Yana girma ana sassautawa. Ostireliya ta kai abin ga majalisa, ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a TikTok da Instagram da Snapchat da makamantansu daga Disamban 2025, kuma kamfanonin ne za a ci tara ba yaran ba. Ina ganin akwai adalci a ɗora wa kamfanoni nauyi, tunda su suka ɗauki ƙwararru suka tsara manhajojin don kada mutum ya iya ajiye su. Amma ko dokar ta yi aiki ɗari bisa ɗari, ranar da yaron ya cika 16 duk abin da aka tsare shi daga gare shi yana nan yana jiransa, kuma tambayar tana nan: idan ya ga abin da ya tayar masa da hankali, wa zai gaya wa?

Akwai wani dalilin da ya sa nake nacewa a kan maganar nan, kuma shi ya fi damuna. Abubuwa da yawa da muke kira rashin tarbiyya a wajen matashi, matsalolin lafiya ne da ba mu gane ba.

Barci shi ne misali mafi bayyana. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Amma da zuwan balaga agogon jiki yana ja baya. Sinadarin melatonin, wanda ke sa mutum ya ji barci, yana jinkirin fitowa, har ya kai ga yaron da a da yake gyangyaɗi da ƙarfe 9 yanzu idonsa biyu har 11. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana nuna cewa wannan sauyi daga jiki yake, ba daga taurin kai ba. Sai ga shi makaranta ba ta ja baya ba, da sassafe za a tashe shi. Yaron da ya yi wata da watanni yana samun awa 6 zai zama mai saurin fushi, mai mantuwa, mai barci a aji, maki ya faɗi. A gida sai a ce rago ne, son jiki ya yi masa yawa, ya fara jin kansa. Jihar Kalifoniya ta ɗauki abin da muhimmanci har ta yi doka a 2019, wadda ta fara aiki a 2022, cewa manyan makarantun sakandare na gwamnati kada su fara darasi kafin 8:30 na safe. Yawancin iyaye ba su da ikon canza lokacin makaranta, amma suna da iko a kan abin da ke ƙara dagula lamarin, wato wayar da ke kwana a ƙarƙashin matashin kai. Idan doka ɗaya tak za a kafa a gida game da waya, ni wannan zan zaɓa: da dare duk wayoyi su kwana a waje ɗaya, ba a ɗakin kwana ba. Na ce duka, har da ta Baba da ta Mama. Matashi yana iya jure doka mai tsauri, amma hancinsa na jin warin son kai daga nesa.

Haka yarinyar da kullum take cewa ta gaji, jiri na ɗibarta, ba ta iya mai da hankali ga karatu. Kafin a ce ƙiwa take yi, a kai ta a auna jininta. Ƙarancin jini saboda rashin sinadarin ƙarfe yana cikin manyan abubuwan da ke raunana lafiyar matasa a duniya, kuma 'yan matan da suka fara al'ada sun fi shiga haɗarinsa, musamman masu zubar da jini da yawa. Yarinyar da ba a taɓa yi mata maganar al'ada a sake ba, ta ina za ta san nata ya wuce kima, balle ta faɗa? Allurar riga-kafin ƙwayar cutar HPV, wadda ke kare mace daga sankarar bakin mahaifa, tsakanin shekara 9 zuwa 14 aka fi so a yi ta, kuma kunyar magana kaɗai ta sa gidaje da yawa suka bar lokacin ya wuce. Motsa jiki kuma, wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun awa ɗayan da ake so a kullum, kuma 'yan mata ne suka fi baya. Uban da ya hana wasa gaba ɗaya don a yi karatu yana ganin gata ya yi.

Mafi nauyi shi ne lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar ta ce ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta wannan fanni, galibi ciwon damuwa ko fargaba, kuma da yawa daga irin waɗannan cututtuka suna farawa ne tun a ƙuruciya. Kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke ran masu shekara 15 zuwa 29. Wahalar ita ce ciwon damuwa a jikin matashi ba kullum yake zuwa da kuka ba. Sau da yawa da fushi yake zuwa, da tsiwa, da ƙin abin da a da yake so. Yaron da ke mutuwar son ƙwallo ya daina zuwa fili, ya rabu da abokansa, cin abincinsa da barcinsa sun canza, ko yarinya ta koma sa riga mai dogon hannu ko da zafi don ɓoye inda take yankar kanta. Idan irin wannan ya wuce mako biyu, magana ce ta likita.

A nan ne kalmomin da muke furtawa suke da nauyi. “Me ka rasa a gidan nan?” “Mu a zamaninmu wa ya san wata damuwa?” “Kina da ci da sha da sutura, me kike nema kuma?” Duk wanda ya faɗi haka ba mugunta yake nufi ba, yana so ne ya tuna wa yaro ni'imar da yake ciki. Abin da yaron yake ji kuwa shi ne, ciwonka ba shi da hujja, kada ka sake kawo shi. Ba wanda ke ce wa mai ciwon asma me ya rasa da yake shessheƙa. Idan kuma ka ji ɗanka yana cewa gara ma bai zo duniya ba, ko kowa zai huta idan ba ya nan, kada ka ce wasa yake ko neman a kula shi. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Iyaye da yawa suna tsoron tambayar za ta dasa masa tunanin, amma binciken da aka yi a kai ya nuna ba ta dasawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makamai daga inda hannunsa zai kai, a nemi likita a ranar.

To yaya ake sa matashi ya yi magana? Ba da “zo nan ka zauna, ina son magana da kai” ba, wannan kiran kotu ne, kuma kowa ya san da haka. Matasa sun fi sakin baki idan ba a kafa musu ido ba, ana tafiya a hanya, ana wani aiki tare, ko can da dare lokacin da kai barci ya fara ɗibarka shi kuma yanzu ya ware. Sukan fara da gwaji. “Wata ƙawata ce saurayinta ya ce ta tura masa hoto.” Wataƙila ƙawar ce da gaske, wataƙila ba ita ba ce. Ko ma wace ce, fuskarki ake karantawa. Idan kika ce “Wannan 'yar banza, kada in sake ganinki da ita,” an gama, ba za ki ƙara jin labarin ba. Idan kika ce “Ita me ta ce masa? Ke me kike gani ya kamata ta yi?” hirar za ta ci gaba. Kuma ranar da ya kawo babban laifin da kansa, a bambanta hukuncin wanda ya zo ya faɗa da na wanda aka kama. Idan hukuncin ɗaya ne, ba shi da dalilin sake faɗa. Sirrinsa kuma ya tsaya inda ya ajiye shi, kada ya ji shi gobe a bakin gwaggo.

Na yarda akwai lokacin da ya wajaba a keta sirri. Idan akwai alama ƙwaƙƙwara cewa ran yaro na cikin haɗari, ko wani babba yana lalata da shi, ko ya yi nisa a ƙwaya, a buɗe wayar, a buɗe jakar, kuma a gaya masa an buɗe da dalilin da ya sa. Zai yi fushi, fushin zai wuce. Wannan mataki ne na gaggawa, kuma yana rasa ƙarfinsa idan an mai da shi abin yi kowane mako.

Wani abu da ke yi wa iyaye ciwo shi ne su gano ɗansu ya kai maganarsa wajen wani, kawu ko yaya ko malami, ya tsallake su. Ina ganin bai kamata a yi kishi a nan ba. Akwai maganar da ɗan shekara 16 ba zai taɓa iya yi da mahaifiyarsa ba komai kirkinta, kuma gara ya kai ta wajen babban da ke ƙaunarsa da ya kai ta wajen tsaransa ko baƙo a intanet. Iyaye masu dabara su ne ma suke share wannan hanya da kansu, su ce, “Idan akwai abin da ba za ka iya gaya mini ba, ka gaya wa kawunka, na amince da shi.” Haka nan a asibiti, ƙungiyoyin likitocin yara da dama suna ba da shawarar a bar matashi ya ɗan keɓe da likita na wasu mintuna ba tare da iyaye ba, domin tambayar da ta shafi balaga ko shaye-shaye ko baƙin ciki ba ta fitowa idan uba na zaune a gefe yana amsawa a madadinsa. Idan likitan bai nema ba, kai ka miƙe ka ce za ka jira a waje.